Kafin a ce Alhazai su sayi ƙungiyoyin kokawa irin na kurket ɗin Indiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka baki ɗaya. Ka ɗan ba ni fili in tanka wa sharhin da ya fito a shafinku na wasanni, inda marubucin ya kawo misalin gasar kurket ta Indiya da ake kira IPL. Ya ce da attajiranmu na ƙasar Hausa za su yi koyi da na can, kowa ya sayi ƙungiya ya raɗa mata sunan garinsu, da kokawa da dambe sun zama hanyar arziki kamar yadda kurket ya zama a Indiya. Har ya ambaci Alhazan Maraɗi, ya ce kuɗin akwai, zuciyar ce babu. Niyyarsa mai kyau ce, don ni ma ba na jin daɗin ganin mutumin da gari ya taɓa fita tarbarsa da kiɗa yau yana neman na cefane. Amma ya fara gininsa daga sama. Kuɗin IPL ba daga aljihun attajirai suke fitowa ba, cikinsa suke shiga. Daga tele suke fitowa, ni kuwa tele ita ce sana'ata.

Gidan kallon ƙwallo gare ni a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Rumfar kwano ce da bencina, da tele manya biyu, da faranti a kan rufi, da gurup da nake tayarwa idan kuran ya ɗauke. Wasan yau da kullum dala ashirin nake karɓa, wato sefa 100, ranar da Real Madrid da Barcelona za su haɗu kuwa in ninka, kuma babu mai gardama. Ƙarshen wata in tattara in biya kuɗin dikoda, in sayi mai, abin da ya rage shi ne nawa. Saboda haka idan ana zancen biliyoyin da gidajen tele ke biya don su nuna wasa, na san daga ina ake tatso su. Daga irin samarin da ke zaune a bencina ne, sefa 100 bayan sefa 100, a Maraɗi da Katsina da duk inda aka kafa faranti.

Kurket ya shigo rumfata ne ta hanyar zafin bazara. A watan Afrilu da Mayu ake tsakiyar gasar, kuma wasan da suke farawa ƙarfe bakwai da rabi na dare a can, ƙarfe uku na rana yake kamawa a nan. A ranakun aiki babu ƙwallo a wannan lokaci, rana kuma tana dukan kwano kamar za ta narkar da shi. 'Yan kabu-kabu sukan jingine babura su shigo shan inuwa, ni kuma in bar musu tele a kunne ba tare da na karɓi ko sisi ba. Ɗan ƙanena da ya yi karatu a Indiya shi ya riƙa fassara mana abin da ke gudana. Da farko dariya ake yi, ana cewa mutane sun rasa abin yi sun tsaya suna jifan itace. Ranar da abin ya canja, kyamara ce ta haska wani mutum cikin 'yan kallo yana tafi, sai wani yaro ya miƙe a kan benci yana ihu: "Wallahi Sharu Khan ne!" Shi ne kuwa. Shah Rukh Khan na finafinan Indiya yana cikin masu ƙungiyar Kolkata Knight Riders. Daga ranar rumfata ta koma ta Kolkata, kuma da suka ci kofi a 2024 an yi murna a Zariya kamar an san inda Kolkata take.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar ganewa kamar yadda ake zato. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Ana kafa turaku uku, mai jifa ya rugo da gudu ya wurga ƙwallo yana neman ya kayar da su, mai bugu kuma ya tsaya gabansu da faffaɗar sanda yana karewa. In ya make ta ta gungura har igiyar bakin fili, maki huɗu ke nan. In ta tsallake igiyar ta sama, shida. In aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ko aka kayar da turakun, ya fita, wani ya shigo. Tsohon salon wasan kwana biyar ake yi ana fafatawa, kuma a iya tashi babu wanda ya ci. A 2003 Ingilishi suka fito da gajeren salo don filayensu sun fara bushewa da 'yan kallo: jifa shida zagaye ɗaya, zagaye ashirin kowane ɓangare, jifa 120 ke nan, a gama cikin awa uku ko sama da haka kaɗan. A 2007 Indiya ta ci kofin duniya na farko na wannan salo a Afirka ta Kudu, ta doke Pakistan a wasan ƙarshe, ƙasar ta haukace. A kan wannan zafin hukumar kurket ta Indiya, BCCI, ta kafa IPL, Lalit Modi yana jan ragama.

To, a nan nake so mai sharhin ya lura da yadda abubuwa suka biyo juna. A tsakiyar Janairun 2008, ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba, babu ƙungiya ko ɗaya da ke da mai ita, hukumar ta sayar da ikon nuna gasar na shekara goma ga Sony da World Sport Group a kan sama da dalar Amurka biliyan 1. Sai bayan wannan, ranar 24 ga Janairu, aka yi gwanjon ƙungiyoyi takwas. Kamfanin Mukesh Ambani ya ɗauki Mumbai a kan dalar Amurka miliyan 111.9, Rajasthan ta fi arha a miliyan 67, gaba ɗaya aka tara sama da miliyan 720. A Fabrairu aka yi gwanjon 'yan wasa, ranar 18 ga Afrilu aka fara. Attajiran ba su shigo don kishin wasa ba. Sun ga takardar tele an sa mata hannu, sun yi lissafi, sannan suka buɗe jaka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Me suka saya? Ba fili ba, domin filayen galibi suna hannun hukumomin kurket na jihohi ne. Ba 'yan wasa ba, domin su kwangilar 'yan shekaru ce. Abin da suka saya kamar rumfa ce a babbar kasuwa wadda sarkin kasuwa ya yi alkawarin ba zai ƙara gina wata ba sai da lissafi, kuma kowane mai rumfa yana da kaso cikin kuɗin ƙofa, ya yi ciniki ko bai yi ba. Kusan rabin abin da hukumar ta samu daga tele da manyan masu talla ana raba wa ƙungiyoyin ne. Babu faɗuwa rukuni na biyu. Ƙungiyar da ta zo ta kashin baya bana, baɗi tana nan daram da kasonta. Wannan shi ne bambancinsu da ƙwallon ƙafa da muka saba, inda ƙungiyoyinmu na Maraɗi, Jangorzo ko Ɗan Kasawa, za su iya hawa, za su iya sauka, wanda ya ɗauki nauyinsu kuma ba ya tsammanin komai sai godiya. Shi ya sa a 2021, da aka ƙara ƙungiyoyi biyu suka zama goma, ta Lucknow ita kaɗai aka saye ta rupi biliyan 70.9, kuɗin da ya fi abin da aka biya wa takwas ɗin farko a haɗe. A 2022 kuma aka sayar da ikon nuna gasar na shekara biyar, 2023 zuwa 2027, a kan kusan rupi biliyan 484, wato dalar Amurka biliyan 6.2. In aka mai da su sefa, sun fi kasafin kuɗin Nijar na shekara guda.

Mutum zai ce me ya sa gidan tele zai biya haka? Ka zauna ka kalli wasa ɗaya ka gani. Duk bayan jifa shida sai an tsaya an canja gefe, a sako talla. In mai bugu ya fita, talla. Akwai ma hutun 'yan mintuna da suke cewa na shawara ne tsakanin 'yan wasa da masu horar da su, sau huɗu a wasa, kuma kowa ya san don wa aka ƙirƙiro shi. Rigar ɗan wasa talla, hularsa talla, igiyar bakin fili talla, sunan gasar kansa kamfanin Tata ya saye shi. A ƙwallon ƙafa sai an yi minti arba'in da biyar kafin mai talla ya sami ƙofa. Ga wasa 74 a kakar wasa ɗaya, kusan kullum da dare har wata biyu, ga ƙasa mai mutum sama da biliyan 1.4, da yawa cikinsu a wayar hannu suke kallo. Mai sayar da babur da mai sayar da siminti da banki duk suna rububin waɗannan idanu. Tushen ke nan.

Idan misalin Indiya ya yi nisa, ga na gida Afirka. A 2017 hukumar kurket ta Afirka ta Kudu ta shirya irin wannan gasa. Ta sami masu sayen ƙungiyoyi, har da attajiran Indiya, an zaɓi 'yan wasa, an buga talla. Saura 'yan makonni a fara aka ɗage ta, kuma ba ta sake tashi ba, saboda ba a sami gidan tele da zai biya kuɗin kirki ba. Attajirai suna nan, gasa ta mutu. Suka sake gwadawa a 2018 da 2019 da wata mai suna Mzansi Super League, aka nuna ta kyauta a gidan telen gwamnati, SABC. Mutane sun kalla, hukumar ta tafka asara, aka naɗe tabarma. Sai a karo na uku, Janairun 2023, sabuwar gasa mai suna SA20 ta tsaya da ƙafafunta, domin wannan karon gidan telen SuperSport, mai karɓar kuɗin wata a hannun masu dikoda, yana da hannun jari a ciki. Ƙungiyoyinta shida kuwa dukansu masu ƙungiyoyin IPL ne suka saye. Ƙasar da ke da filaye da manyan 'yan wasa da kuɗi fiye da mu nesa ba kusa ba, sai da ta faɗi sau biyu a kan wannan tambaya guda: wa zai biya?

Yanzu mu dawo fagenmu. 'Yan kallo kam ba mu rasa ba. Tun da aka fara gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa, a Tawa a 1975, Kantu namu na Maraɗi ya ɗauko shi, babu wasan da ke tsayar da Nijar cak irin kokawa. Jaha takwas, kowace da 'yan kokawa goma, mutum tamanin a fage. Lokacin takobi kasuwa takan yi sanyi da yamma, mai shayi ya ƙure rediyo, tela ya ajiye almakashi. Amma ni da nake cin abinci da kallo, a kwanakin nan rumfata kyauta ce. Ba zan iya karɓar dala ashirin a kan abin da Tele Sahel ke nunawa a kowane gida ba, ko na gwada ma dariya za a yi mini. Kuma gaskiya ba na so a kulle ta a cikin dikoda. Tsohon da ke can ƙauyen Dakoro da ɗan rediyonsa mai batir yana da haƙƙi a kan takobin nan kamar kowa. To, idan ba za a sayar wa masu kallo ba, saura masu talla. Kamfanonin waya suna yi, bankuna da 'yan kasuwa suna ba da kari a fage, ana shelanta sunayensu a lasifika. Wannan yana isa a yi biki na kwana goma sau ɗaya a shekara, gwamnati kuma tana ɗauke da mafi nauyin kayan. Bai isa a biya mutum tamanin albashi, da masu horar da su, da likita, da mota, da masauki, wata biyu ana zagaya ƙasa daga Difa zuwa Tilaberi, har Alhaji ya ga ribar da zai sake zubawa baɗi ba. Shekarar farko zai biya don suna. Ta biyu zai biya yana tsaki. Ta uku ɗan kokawa zai kira waya ya ji ta a kashe. Ba hasashe nake yi ba kawai: a gasar Bangaladash a farkon 2025, 'yan wasan waje na wata ƙungiya sun ƙi fita fili saboda ba a biya su ba. A Indiyar ma an soke ƙungiyar Kochi bayan kaka ɗaya, aka soke Deccan Chargers a 2012 duk da ta taɓa cin kofi.

Akwai mai kuɗi ɗaya da ba ya jin nauyin biya, kuma shi nake tsoro: kamfanin caca. Ina ganin aikinsa kullum. Yaro ya shigo da 'yar takarda a hannu ko waya a buɗe, ba ruwansa da wanda ya iya ƙwallo, so yake a yi bugun kwana uku kafin hutun rabin lokaci. In ba a yi ba ya fita yana zage-zage, kuɗin da uwarsa ta aike shi da su sun tafi. Na sha korar irinsu, amma wayar tana aljihunsu. A IPL wannan cuta ta kai har cikin fili. A 2013 'yan sandan Delhi suka kama 'yan wasan Rajasthan Royals uku, cikinsu har da Sreesanth wanda ya buga wa Indiya wasa. Zargin ba wai sun sayar da wasa gaba ɗaya ba ne. An ce mai jifa zai yi alkawarin barin a ci maki kaza a zagaye guda, ya yi wata alama, kamar soke tawul a ƙugu, don 'yan caca su san lokaci ya yi. Kotu ta sallame su daga baya, amma hukumar ta hukunta su da kanta. Bincike bai tsaya kan yara ba. A 2015 kwamitin da kotun ƙoli ta naɗa ya dakatar da Chennai Super Kings da Rajasthan Royals shekara biyu, saboda an sami manyansu da yin caca, ɗaya daga cikinsu surukin wanda ke shugabancin hukumar a lokacin cacar ne. Lalit Modi da ya kafa gasar, tun 2010 aka dakatar da shi kan zargin almundahana, a 2013 aka haramta masa harkar har abada. Wannan a ƙasar da ke da 'yan sandan bincike da kotu mai haƙori da jaridu masu bin diddigi.

A kokawa fa? Ba ka bukatar ka sayi mutum uku, ba ka bukatar tawul. Mutum ɗaya ne, ƙafa ta zame masa, shi ke nan, ya tashi ya kakkaɓe rairayi ya ce sa'a ce ba ta zo ba. Wa zai tabbatar? Yau abin da ke riƙe ɗan kokawa shi ne kunyar komawa gida, da idon mutanen ƙauyensu, da makaɗin da zai daina ambatonsa. Ranar da aka ce amanarsa tana hannun wanda ya saye shi bana kuma zai iya sayar da shi baɗi, an kwance wannan igiya, kuma ba a tanadi wata ba.

Gwanjon 'yan wasa shi ne abin da ya fi burge mai sharhin, ni kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Na kalli na ƙarshen 2024 da aka yi a Jidda. Babban zaure, tebura goma, kowane da masu ƙungiya da kwamfutocinsu. A haska hoton mutum a bango da shekarunsa da abin da ya ci, mai gwanjo ta faɗi farashin farko, a riƙa ɗaga 'yar alama ana ƙari har a buga guduma. Rishabh Pant ya tashi a rupi miliyan 270, kusan sefa biliyan 2, don wasan wata biyu. Shekaru yana Delhi, dare ɗaya ya zama na Lucknow. Wani yaro ɗan shekara 13, Vaibhav Suryavanshi, Rajasthan ta ɗauke shi a rupi miliyan 11, kuma a Afrilun 2025 ya ci maki ɗari cikin jifa 35, ya nuna ba a yi asarar kuɗin ba. Wasu kuma a haska hotonsu, zaure ya yi tsit, babu mai ɗaga hannu, a wuce, duniya tana kallo. Ban ce tsarin ba ya haifar da ƙauna ba. Ɗan wasan nan Dhoni mutumin Ranchi ne, amma mutanen Chennai sun riƙe shi kamar a can aka yanke masa cibi, domin ya daɗe tare da su ya ci musu kofi biyar. Sai dai Chennai ba ta da wata ƙungiyar gajeren kurket mai tsohon tarihi da aka rushe don a kafa wannan. Sabon abu aka gina a fili. Mu kuwa kokawarmu da kirarinta ta zo, kirarin kuma sunan gari ne da na uba da na wanda ya koya maka kamu. Ko yanzu idan ɗan wata jaha ya koma yi wa wata kokawa, mun san irin gunagunin da ake yi a majalisa. A ce Alhaji ya sayo gwanin Doso, ya sa masa rigar Maraɗi, ya zo filin Kantu ya kayar da ɗan Tibiri da wani Alhajin Yamai ya saya. Wa za mu yi wa guɗa? Makaɗi wa zai wasa?

Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Fabrairun 2024 Afirka ta Kudu tana da wasannin kwana biyar da New Zealand, lokacin ya ci karo da SA20. Manyan 'yan wasanta suka zauna gida suna yi wa masu ƙungiya aiki, ƙasa ta tura sababbin hannu, har kyaftin ɗin bai taɓa buga mata irin wannan wasa ba, aka lallasa su duka biyun. Ba laifin yaran ba ne, kwangila ce ta ce haka. Idan Alhaji ne ke ciyar da ɗan kokawa shekara zagaye, ranar da takobi ya zo ko aka kira shi ya wakilci Nijar a waje, kuma Alhaji yana tsoron kada ya karye, maganar wa za ta yi aiki?

Kada a ɗauka cewa nake a bar komai yadda yake. Akwai abin da Indiyawan nan suka iya wanda ba ya bukatar biliyan. Kowace ƙungiya an yanke mata iyakar abin da za ta kashe wajen sayen 'yan wasa, rupi biliyan 1.2 a gwanjon Jidda, mai kuɗi bai isa ya kwashe gwanaye duka ba, shi ya sa Rajasthan mafi arha ta ci kofin farko. Ba a yarda a sa baƙi fiye da huɗu cikin goma sha ɗaya ba, don 'yan gida su sami fage. Ɗan wasa yana da takarda a rubuce, ya san abin da zai karɓa kafin ya shiga fili. Kuɗin da aka sayar da komai ana faɗinsa a fili, ni da nake Maraɗi ma na san shi. Kuma an san lokacin gasa tun da wuri, mai talla ya san ranar da zai ga sunansa. Wannan na ƙarshe shi muka fi rasawa. Tsakanin takobi da takobi ɗan kokawa yana jiran wani biki ko wani ɗan siyasa ya shirya wasa, ba shi da tabbas.

Da za a ji tawa, da an fara daga ƙasa. Jahar Maraɗi tana da gundumomi takwas: Tasawa, Dakoro, Mayahi, Madarumfa, Gidan Rumji, Agye, Gazawa da Barmo, ga kuma birni. Bayan an gama kaka an ɗaure dammuna, kafin takobi, a sa ranar mako guda da yamma wadda kowa zai sani, gunduma ta kara da gunduma, kowa da 'ya'yansa na asali. Alhazai su shigo a matsayin masu ɗaukar nauyi, sunan shagonsu ko kamfaninsu a riga, amma ƙungiya ta gari ce, ba ta sayarwa ba. Abin da aka tara a zuba asusu ɗaya a raba daidai, Barmo ta sami abin da birni ya samu. Kowane ɗan kokawa a rubuta masa kuɗin fita fage, ya yi kaye ko an kayar da shi, da wanda zai biya magani in ya goce ƙashi. A hana tallan caca tun ranar farko, a rubuce. Sannan a nemo samarin nan namu da suka iya kyamara, su ɗauka da kyau, su yanka kowane kaye ya zama ɗan gajeren bidiyo mai shiga waya, a zuba a Facebook da YouTube da TikTok, domin kaye ɗaya bai fi minti ba, kuma Hausawan da ke Kano da Agadas da Libiya da Saudiyya za su kalla. A nan za a gane ko akwai idanun da mai talla zai biya dominsu. In an yi kaka uku ana biyan yara a kan lokaci kuma kamfanoni sun fara zuwa da kansu, sai a zauna a yi zancen faɗaɗawa zuwa sauran jahohi. In ba su zo ba, an dai yi kokawa, yara sun sami na kashewa, ba a rushe komai ba.

Af, kafin in manta. Masu cewa kurket ba wasan baƙar fata ba ne su tambayi maƙwabtanmu. A Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki biyu a gasar kofin duniya a Malesiya, kuma gajeren salon nan zai shiga wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles. Ya kamata shafinku ya riƙa leƙa shi lokaci-lokaci, ko don yaran rumfata.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinku kafin takobi mai zuwa ya zauna da hukumar kokawa ta ƙasa da gidan tele da kamfanonin da ke talla a fage. Ya tambayo nawa masu talla ke biya, nawa ne cikin kuɗin ke isa hannun 'yan kokawa tamanin ɗin, ba sarkin kokawa da na biyunsa kaɗai ba, da wanda ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni bayan an watse. Ku buga alƙaluman yadda suke. Da su a hannu, ni da mai sharhin za mu iya ci gaba da wannan muhawara, kuma Alhazan da ya kira za su san abin da ake gayyatarsu su saya.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai gidan kallon ƙwallo,
unguwar Zariya, Maraɗi.